Ƙaura da Yara Bayan Rabuwar Aure: Haƙƙin Uwa, Waliccin Uba da Maslahar Ɗa

A mafi yawan garuruwan ƙasar Hausa mace ce take barin gidansu ta tare a gidan miji, saboda haka idan aure ya mutu ita ce take kwashe kayanta ta koma inda ta fito, kuma inda ta fito ɗin yana iya zama unguwa ta gaba, ko gari mai nisan tafiyar yini guda a mota, ko ma wata ƙasar daban. Wannan tsari na zaman aure shi ya sa tambayar wanda zai riƙe yara ba ta rabuwa da tambayar inda yaran za su zauna, domin duk wanda aka bar wa yaro an bar masa zaɓen makarantar da yaron zai shiga, da dangin da zai tashi a cikinsu, da kuma yawan ganin da ɗaya mahaifin zai riƙa yi masa. Jama'a da dama sun ɗauka cewa maganar ta ƙare da faɗin cewa ɗa na uba ne, wasu kuma sun ɗauka cewa uwa tana da ikon tafiya da 'ya'yanta duk inda ta ga dama tun da ita ta haife su. Fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'ar Musulunci na arewacin Nijeriya suke aiki da shi bai goyi bayan ko ɗaya daga cikin zantukan nan biyu ba, haka ma dokokin ƙasa da yarjejeniyoyin duniya, domin dukkansu sun iyakance ikon mahaifi guda na yanke hukuncin ƙaurar yaro shi kaɗai.

Matakan rabuwa da hukuncin kowanne

Rabuwar ma'aurata ba abu ɗaya ba ce a wajen shari'a, kuma hukuncin tafiya da yara yana sauyawa gwargwadon matakin da ake ciki. Mataki na farko shi ne yaji, wato mace ta bar gidan miji cikin fushi alhali igiyar aure tana nan, kuma a wannan hali renon yara haƙƙi ne na iyayen biyu tare, babu wanda ya fi wani, don haka tafiya da su gidan iyayenta zama ne na wucin gadi da ake sa ran biko zai kawo ƙarshensa. Mataki na biyu shi ne idda, wato lokacin jira da mace take yi bayan saki, wanda Malikiyya suke ƙirga shi da tsarki uku ga mai jinin al'ada, da wata uku ga wadda ba ta yi, da haihuwa ga mai ciki. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta umarci a bar matar da aka saka ta yi idda a ɗakinta, kada a fitar da ita kuma kada ta fita, amma abin da aka saba gani shi ne mace ta bar gida a ranar da aka miƙa mata takarda, kuma a wannan rana ta zafin rai ne akan yanke makomar yara ba tare da shawara ba, ko dai uwar ta sungume su ta tafi, ko dangin miji su tsare ƙofa su ce ta bar musu jininsu. Mataki na uku shi ne bayan cikar idda, lokacin da mace ta zama bazawara mai ikon zaɓen mazauninta, kuma a nan ne hukunce-hukuncen riƙon yara suke fara aiki gadan-gadan.

Hadana da walicci

Malaman fiƙihu sun raba kula da yaro gida biyu. Kashi na farko shi ne hadana, wato renon yaro a mazauninsa da kula da cinsa da tsaftarsa da kwanansa da lafiyarsa, kashi na biyu kuma shi ne walicci, wato ikon lura da tarbiyyarsa da karatunsa da dukiyarsa da aurar da shi. Hadana bayan rabuwa ta uwa ce, walicci kuma na uba ne, kuma ɗaya ba ya shafe ɗaya. Littattafan da alƙalan arewa suke komawa gare su, irin su Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani da Mukhtasar na Shehu Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim, sun tafi a kan cewa hadanar ɗa namiji tana ci gaba har ya balaga, ta 'ya mace kuma har ta yi aure mijinta ya tare da ita. Wannan wa'adi ya fi na sauran mazhabobi tsawo, domin Hanafiyya suna mayar da ɗa namiji hannun uba yana da kimanin shekara 7, Shafi'iyya kuma suna ba yaro zaɓi tsakanin iyayensa idan ya kai shekarun wayo. Al'adar karɓe yaro daga hannun uwa da zarar an yaye shi, wadda ta zama ruwan dare a wurare da yawa, ba ta da tushe a mazhabar da jama'ar suke bi.

Idan haƙƙin uwa ya faɗi, ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa ga uba, domin jerin da Mukhtasar ya kawo ya gabatar da kaka ta wajen uwa, da 'yar'uwar uwa, da kaka ta wajen uba, kafin a zo kan uban. Imam Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya taɓa ɗaukar ɗansa Asim a Ƙuba bayan ya rabu da mahaifiyar yaron, sai kakar yaron ta wajen uwa ta yi jayayya da shi har gaban Halifa Abubakar, wanda ya hukunta a bar mata yaron, Umar kuma bai sake musu ba. Ana neman mai hadana ta kasance mai hankali da amana da ƙarfin kula da yaro, tana da mazauni mai tsaro, ba ta da cuta mai yaɗuwa da za ta cutar da shi. Haƙƙin uwa yana faɗuwa idan ta auri wanda ba muharramin yaron ba ne kuma ya tare da ita, sai dai idan wanda haƙƙin zai koma gare shi ya sani ya yi shiru har shekara guda ba tare da uzuri ba, kuma a mashahurin zance haƙƙin ba ya dawo mata ko da auren na biyu ya mutu. A duk tsawon wannan lokaci ciyarwa da tufatarwa da kuɗin mazaunin yaro suna wuyan uba, kuma yana da ikon duba ɗansa da ladabtar da shi da tura shi makaranta, amma yaron a wajen uwarsa zai kwana.

Ma'aunin baridi shida

Tun da uba yana da haƙƙin sa ido a kan ɗansa, uwa kuma tana da haƙƙin kwana da shi, dole ne su biyun su kasance kusa da juna, kuma daga nan ne hukuncin tafiya ya samo asali. Malikiyya sun bambanta tafiyar ƙaura, wadda mai yin ta yake nufin barin gari ya zauna a wani, da tafiyar fatauci ko ziyara ko jinya, wadda ake nufin dawowa bayanta. Tafiya ta biyun ba ta taɓa haƙƙin hadana. Ta farkon kuwa tana kayar da shi idan nisanta ya kai baridi shida, baridi kuwa ma'aunin nisa ne na zamanin da wanda ya yi daidai da mil 12 na Larabawa, don haka baridi shida mil 72 ke nan, wato kimanin kilomita 130 a lissafin yau. Idan uwa ce za ta ƙaura zuwa wuri mai wannan nisa, waliyyi yana da ikon karɓar yaron, idan kuma ƙaurar ba ta kai haka ba, tana nan da haƙƙinta. Akwai wani zance a cikin mazhaba da ya rage nisan zuwa baridi biyu, amma na shidan ne aka fi aiki da shi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne hukuncin ya shafi uba ta wata fuskar, domin idan shi ne zai ƙaura zuwa wuri mai wannan nisa, shari'a ta ba shi damar tafiya da yaron, amma bisa sharuɗɗa masu nauyi. Dole ne ya rantse cewa zama ya je yi ba dabarar raba uwa da ɗanta ba, dole ne garin da za shi ya kasance mai aminci, hanyar zuwa can ita ma ta kasance mai aminci, kuma idan yaron yana shan mama, masu sharhi sun ƙara da cewa sai ya kasance zai karɓi nonon wata. Bayan duk wannan, idan uwar ta yarda ta koma garin da uban ya koma, hadanarta tana nan daram. Sharaɗin amincin hanya da na mazauni ba maganar tarihi ba ce a yau, domin alƙalin da aka kawo wa ƙarar uban da yake son ɗauke yara daga cikin birni zuwa yankin da 'yan bindiga suke tare hanya suna sace mutane yana da hujja a cikin littafin da ke gabansa ta hana wannan tafiya.

Manufar ma'aunin nisa ita ce kada labarin yaro ya yanke wa waliyyinsa, kuma an ƙayyade shi ne a zamanin da mil 72 yake cin kwanaki a kan raƙumi. Sauyin zamani ya sa ma'aunin shi kaɗai ba ya wadatarwa. Matar da ta tashi daga Kano ta koma Kaduna ta wuce baridi shida, tun da nisan ya haura kilomita 200, alhali uba yana iya zuwa ya ga 'ya'yansa ya koma gida a yini ɗaya, kuma hukuncin kotun Nijeriya yana iya isa gare ta. Wadda ta tashi daga Katsina ta koma Maraɗi kuwa ba ta kai wannan nisa ba, amma ta ƙetare iyakar ƙasa ta shiga ƙarƙashin wasu kotuna da wani tsarin makaranta mai koyarwa da Faransanci. Tun a ƙarni na 14 malamin fiƙihu Ibnul Ƙayyim ya yi inkarin mayar da tafiya dabarar ƙwace yaro, ya kuma ce abin da ya kamata a duba shi ne wurin da ya fi amfani ga yaron, ko wajen mai tafiya ko wajen mai zama. Ƙasar Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta ɗauki irin wannan hanya a dokar iyali ta 2004, inda ta tanadi cewa ƙaurar mai hadana daga wani gari zuwa wani a cikin ƙasar ba ta kayar da haƙƙinta sai kotu ta tabbatar da dalilin da ya wajabta hakan, amma kotu tana iya hana fita da yaro waje ba tare da yardar waliyyinsa ba, kuma yaron da ya cika shekara 15 yana da ikon zaɓen wanda zai zauna a wajensa.

Dokokin ƙasa

A Nijeriya irin auren da aka ɗaura shi ne yake nuna kotun da za ta saurari maganar yara. Auren Musulunci yana zuwa kotun shari'a ko kotun yanki, kuma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha hurumin sauraron ƙararrakin da suka shafi aure da rabuwarsa da kula da ƙananan yara, daga can kuma ana iya wucewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya har zuwa Kotun Ƙoli. Auren da aka yi wa rajista a ƙarƙashin dokar aure ta ƙasa, wanda shi ne Kiristoci da yawa suke yi, yana zuwa Babbar Kotu, kuma sashe na 71 na dokar shari'o'in aure ta 1970 ya sanya maslahar yara a gaba da komai. Ko a auren gargajiya, inda al'adu da yawa suke ba uba fifiko, Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Okwueze ta 1989 cewa ba za a zartar da wannan fifiko ba idan zai cutar da yaron.

Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ita ma ta fara da wannan ƙa'ida ta maslahar yaro, kuma sashenta na 27 ya mayar da ɗauke yaro daga hannun wanda yake riƙe da shi bisa doka ba tare da yardarsa ba laifi mai hukuncin ɗauri, wanda yake ƙara tsanani idan an fitar da yaron daga jiharsa, ya kuma fi tsanani idan an fitar da shi daga ƙasar. Dokar tana aiki kai tsaye ne a Abuja kawai, sauran jihohi sai sun yi tasu, kamar yadda Kaduna ta yi a 2018, Kano kuma a 2023, kowacce da gyare-gyaren da suka dace da jama'arta. Sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a duk inda ya so, saboda haka babu kotun da za ta hana bazawara ko tsohon mijinta ƙaura, abin da kotu take hukunci a kansa shi ne ko yaron zai bi mai ƙaurar ko zai zauna. A Jamhuriyar Nijar kuwa babu kundin dokar iyali guda ɗaya da ya game kowa, don haka kotuna suna aiki da al'adar masu shari'a a sha'anin aure da saki da riƙon yara, tare da taimakon mashawarta masana al'ada, kuma al'adar Hausawa da Zabarmawa a wannan fage ta cuɗanya da fiƙihun Malikiyya.

Idan an ƙetare iyaka

Matsalar ta fi tsanani ga iyalan da suke zaune a ƙasashen waje, domin hukuncin kotun wata ƙasa ba ya zartuwa da kansa a wata. Don magance wannan ne aka ƙulla yarjejeniyar birnin Heg na ƙasar Holan a ranar 25 ga Oktoba 1980, wadda ƙasashe sama da 100 suka shiga. Yarjejeniyar ta shafi yaran da ba su kai shekara 16 ba, kuma ba ta yanke hukuncin wanda ya cancanci riƙo, abin da take yi shi ne mayar da yaron da aka ɗauke ba bisa ƙa'ida ba zuwa ƙasar da ya saba zama, domin kotun can ta yi shari'ar. Ana iya ƙin mayar da shi idan komawar za ta jefa shi cikin babban haɗari, ko idan ya kai wayon da za a saurari ƙin yardarsa, ko idan shekara guda ta wuce kafin a kai ƙara kuma ya riga ya saba da sabon wuri. Afirka ta Kudu da Maroko da Burkina Faso suna cikin ƙasashen Afirka da suka shiga, amma Nijeriya da Nijar ba su shiga ba, don haka mahaifin da aka kawo ɗansa Kano daga Landan sai ya zo ya shigar da ƙara a kotun Nijeriya.

Rashin shiga yarjejeniyar bai kuɓutar da mai ɗauke yaro daga laifi a ƙasar da ya baro ba. A Ingila dokar 1984 ta haramta wa mahaifi fitar da ɗansa mai ƙasa da shekara 16 daga ƙasar ba tare da yardar ɗaya mahaifin ko izinin kotu ba, a Amurka kuma dokar tarayya ta 1993 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3. Uban da ya kawo yara gida da sunan hutu ya ɓoye fasfo ɗinsu ya bar su wajen kakarsu, ko uwar da ta yi haka, yana iya tarar da sammacin kamu yana jiransa a filin jirgi ranar da ya koma.

Abin da ake dubawa da abin da ya kamata a rubuta

Duk da bambancin tushensu, alƙalan waɗannan tsare-tsare suna yin tambayoyi masu kama da juna idan aka kawo musu maganar ƙaura. Suna duba dalilin tafiyar, ko aiki ne ko sabon aure ko komawa cikin dangi ko gudun cutarwa, ko kuwa ramuwar gayya ce kawai. Suna duba shekarun yaron da wanda ya shaƙu da shi, da halin gidan da za a kai shi, ko zai je ne a matsayin agola a gidan mijin uwa ko zai faɗa hannun matar uba, da makomar karatunsa na boko da na Islamiyya, da yiwuwar ziyara da wanda zai biya kuɗin mota. Suna kuma duba halin kowane mahaifi kafin rigimar, domin uban da ya yi shekaru bai aiko da ko kwanon hatsi ba yana da wuya ya gamsar da alƙali cewa son sa ido a kan tarbiyya ne ya kawo shi, uwar da ta ɓoye yara ta sauya lambar waya kuma ta raunana hujjarta ta amana. Idan mace ta gudu da yara ne saboda duka ko barazana ga rai, abin da zai kare ta shi ne ta gaggauta sanar da kotu ko hukuma inda take da dalilin tafiyarta, ta kuma nemi umarnin riƙo na wucin gadi.

Mafi yawan irin waɗannan rigingimu ba sa kaiwa gaban alƙali, a zauren mai unguwa ko wajen limami ko ofishin Hisba ko tsakanin waliyyan aure ake kashe su, kuma sulhu abu ne da shari'a ta kwaɗaitar a kansa. Rauninsa shi ne yawanci da baki ake yin sa, sai bayan shekara ɗaya ko biyu kowa ya tuna abin da ya yi masa daɗi. Sulhun da zai ɗore shi ne wanda aka rubuta a gaban shaidu aka kai kotu ta tabbatar da shi, wanda ya fayyace garin da yaro zai zauna, da adadin kuɗin ciyarwa da ranar biyansa, da inda zai yi hutun makaranta da sallah ƙarama da babba, da wanda zai riƙe takardar haihuwa da fasfo, da wa'adin sanarwar da mai niyyar ƙaura zai ba ɗayan kafin ya tashi. Matar da take neman khul'i, wato rabuwa bisa fansar kanta, ya kamata ta san cewa sarayar da hadana a cikin yarjejeniyar abu ne mai wuyar warwarewa daga baya, kuma malamai ba su halatta shi ba sai idan ba zai cutar da yaron ba. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman taimakon hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, waɗanda suke da ofisoshi a jihohi. Mahaifin da ya nemi izini kafin ya tashi yana zuwa gaban alƙali ne da hujjar dalilin tafiyarsa, wanda ya tashi kafin ya nema kuwa sai ya fara da kare kansa daga zargin sace ɗansa, kuma watannin da za a shafe ana wannan jayayya daga karatun yaron da natsuwarsa ake cire su.